Tsumman da ke Jikin Biron Baba

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da ɗan kawuna. Shi tela ne, ya girme ni da shekara huɗu, kuma taubashina ne, don haka yana da izinin tsokanata daga safe har yamma. Shi yana riƙe da ƙullin ƙosai, ni ina rungume da jaka. A cikin jakar akwai littafi ɗaya na aro, da rula, da takarda mai jerin kaya ashirin da shida, da biron babana a naɗe cikin leda. Kaduna muka nufa, kasuwar Panteka.

Sai na faɗi dalilin tafiyar kafin mota ta cika, don ta daɗe ba ta cika ba. Babana mai rubuta wa mutane wasiƙa ne. Tun kafin a haife ni yake da tebur a gindin dalbejiya kusa da gidan waya a nan Suleja. Da aikin Abuja ya kankama, magina da leburori da masu gadi suka cika ɗakunan haya na unguwar Iku, kowa da iyali a Katsina ko Sakkwato, kowa da abin da yake so a faɗa wa gida. Baba ne bakinsu. To damina biyu ke nan sanyin ƙashi ya kama masa yatsun dama. Biro siriri ne, yatsun kuma sun daina haɗuwa a kansa. Sai ya riƙa naɗe biron da tsumma yana ɗaurewa da zare don ya yi kauri. Dabarar ta ɗan yi aiki, amma tsumma yana juyawa a hannu, rubutun yana karkacewa. Kwanan baya wani magini ya karɓi wasiƙarsa, ya juya ta, ya tambaya ko mai karanta wa matarsa zai gane wannan. Daga nan ya tsallaka wajen mai tafireta. Ran nan Baba ya dawo gida bai ci tuwo sosai ba, ya ce idan wannan wata ya mutu zai ɗauke teburin.

Ni kuwa ina gida, an rufe jami'a sai abin da hali ya yi. A ɗakin karatu na gari na ci karo da wani tsohon littafin Turanci da ke nuna yadda ake murza itace a inji a yi masa gangar biro, mai kauri yadda mutum yake so. Na kwana uku ina kwafe sunayen kayan aikin, na ja layi da rula, na sa lamba. Ɗan kawuna ya duba ya ce, "Furofesa, wannan ai masana'anta za ka buɗe." Amma shi ne ya ce duk abin da ba a samu a Panteka ba, to ba a ƙera shi ba tukuna, kuma ya rufe shagonsa kwana biyu don ya raka ni.

Fijo ce doguwa. Ni aka cusa gaba tsakanin direba da wani mai jiki, giya tana bugun gwiwata duk lokacin da aka canza ta. Direban ya fara bi da mu ta wajen dutsen Zuma saboda ya ji ana ba da mai a wani gidan mai. Muka tarar da layi ya miƙe har ya sha kwana, ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya ce Allah Ya ba masu haƙuri, ya sayi galan biyu a bakin titi. Dutsen yana tsaye rabinsa cikin gajimare, ƙasansa gonakin masara kore shar. Ina ganinsa tun ina yaro, amma ban taɓa wuce shi ban waiwaya ba.

Titin Kaduna lafiyayye ne, abin da ya sa direbobi ke mantawa akwai mutuwa. Wata 'yar kasuwa daga kudu da ke baya ta riƙa cewa, "Oga direba, sumol-sumol, ina da yara." Shi kuma ya ƙara wa kaset murya. A Tafa manyan motoci sun yi jere gefe da gefe, direbobinsu suna shan shayi kan benci kamar ba su da inda za su. Gaba kaɗan matan Gwari ne ke fitowa daga daji da itace da doya a kafaɗa, ba a ka ba, suna tafiya a miƙe. Doya a nan ta fi ta kasuwarmu araha nesa ba kusa ba, ɗan kawuna ya yi ta cizon yatsa don babu wurin sawa. An tsayar da mu a shinge sau huɗu. A na uku soja ya nuna jakata, na buɗe. Ya ɗaga takardar jerin kayan ya karanta layi biyu, ya dube ni, ya mayar. Ina jin ya yanke cewa mai irin wannan rubutu ba zai iya ɓarna ba.

A Katari muka tsaya cin abinci. Na ci waina da miyar taushe mai zafi, na sha ruwan randa. Mai wainar ta ba ni gyara biyu, wai na yi mata kama da ɗanta da ke makarantar kwana, shi ma ba ya magana. Ɗan kawuna ya ce, "Hajiya, ni fa ina magana, ba a ba mai magana gyara ne?" Ta ce mai magana ai ya ƙoshi da maganarsa.

Mun shiga Kaduna hantsi ya ɗaga. Panteka kafin ka gan ta za ka ji ta: guduma kan ƙarfe ta ko'ina, ƙarar walda, wani yana yanka durom, wani yana buga tukunya. Ƙasa baƙa ce da tsohon mai. A rumfa ɗaya na ga ana narka gwangwani ana zuba shi ya zama ludayi, a ta gaba an mai da tsohuwar tayar mota guga. Na yi ta tafiya a bayan ɗan kawuna da takardata, shi yana sallama yana tambaya, ni ina gyaɗa kai. Wani mai sayar da kayan inji ya karanta jerin nawa har ƙarshe, ya ce bakwai daga ciki sai an aiko daga Legas, uku kuma bai taɓa jin sunansu ba. Da na ji kuɗin injin wuta kaɗai sai na nemi wurin zama. Shi ne ya tausaya ya ce mu bi lungun masu gado, mu tambayi tsohon da ke murza ƙafafun kujera.

Mun same shi a wata rumfa ƙarama, garin katako har idon sawu. Tsoho ne siriri, gemunsa fari, hularsa ta koma launin itace. Injinsa ba na wuta ba ne, da ƙafa yake taka shi. Muka gaisa, ɗan kawuna ya yi bayani, na miƙa takarda da hannu biyu. Ya ce idonsa ba ya karatun boko, in karanto masa. Na fara, ina fassarawa ina nuna hotuna a littafi. Duk abin da na ambata sai ya ce, "Wuce." A na goma sha ɗaya, wato injin wuta, ya tambaya, "Yaro, a Suleja wuta ba ta ɗaukewa ne?" Na ce tana ɗaukewa, Baba. Ya ce to me zan yi da injin da zai riƙa yin barci tare da ita?

Da na kai ƙarshe ya karɓi fensirina, ya juya takardar, ya ce in rubuta abin da zai faɗa. Ga shi nan yadda ya faɗa.

Na farko abin da zai juya itacen. Ya tambayi ɗan kawuna ko yana da tsohuwar ƙafar keken ɗinki. Akwai kuwa, tana bayan shagonsa kanta ya mutu, kaji ke kwana a kai. Tsohon ya ce ita ce injin. Sai dai a ɗora mata kai, mai walda zai haɗa da cibiyar tayar keke da boris biyu masu sa ta juya sumul, bel ɗin fata ya ja. Na biyu siririn ƙarfe miƙaƙƙe da noti a ƙarshe, wanda za a zura itacen a jiki ya riƙe shi, wayar tayar babur ma ta isa. Na uku dogon bakin dirili daidai kaurin hanjin biro, wato bututun nan na tawada. Na huɗu cizal, wato ƙarfen fere itace, guda ɗaya tak, kuma ba saye za a yi ba, tsohon magagari za a kai wa maƙeri ya fere bakinsa. Na biyar dutsen wasa ƙarfe, don cizal marar kaifi yagar itace yake yi. Na shida samfefa ta goge itace, mai kaushi da mai laushi. Na bakwai ɗan kakin zuma. Zarto kuwa ya ce in ara, ba wanda ke sayen zarto don yankan da bai wuce tsawon tafin hannu ba.

Na ce saura itace. Ya ce itace ba saye ake yi ba shi ma, guntayen da kafintoci ke zubarwa sun ishe ni shekara, in dai busasshe ne ƙwarai. Ɗanye yana tsagewa bayan mako biyu, ya kunyata ka a hannun mai shi. Ya zaro guntun maɗobiya daga ƙarƙashin benci, ya ƙwanƙwasa shi da cizal, ya ce in saurara. Ƙarar ta fito tas, kamar an taɓa kwalba. Ya ce busasshe ke nan.

Sannan ya yi tambayar da ba ta cikin littafin. Ya ce, "Hannun wa za a yi wa?"

Na ce na babana. Ya ce ina ma'auninsa? Na buɗe littafi na nuna masa inda aka rubuta kaurin da ya dace. Ya ce wannan hannun Bature ne mai lafiya, shi hannun babana yake tambaya. Shi kuwa ba ni da shi. Na auna tsawon hanjin biro, na auna faɗin bakinsa har sau uku, na rubuta komai cikin milimita, amma ban taɓa cewa Baba ya ba ni hannunsa in duba ba. Gaskiya kunya ce ta hana ni. A gidanmu ɗan fari ba ya kama hannun ubansa yana juyawa, ni kuma ko tafiyar ma ban faɗa masa dalilinta ba, cewa na yi zan je duba littattafai. Ɗan kawuna ya ce, "Furofesa ya auna komai ban da mai biron." Ban ji daɗin dariyar ba, don na ga tafiyar tana neman tashi a banza, kwanakin wata kuma ba su da yawa.

Tsohon ya ce aƙalla in kawo hanjin ya ga bakin dirilin da zai dace. Na ciro biron Baba daga leda. Tsumman ya yi baƙi da gumi da tawada, gefensa ya zare, sai na ji nauyin a gan shi a bainar jama'a. Na juya baya na kama bakin zaren da haƙori zan warware in jefar. Ban san tsoho yana da irin wannan sauri ba. Ya buge mini hannu ya ce, "Kai! Kada ka taɓa."

Ya karɓa ya ɗaga shi wajen haske yana juyawa a hankali. Ya ce in matso. Tsumman ba dunƙule kawai yake ba. Wata da watanni na riƙo sun danne shi ya ɗauki siffa: ga kwarin babban yatsa a gefe ɗaya, ga na manuniya a sama ya ɗan karkace, ga wani shafaffen wuri a ƙasa inda yake kwanciya kan na tsakiya. Kuma kaurin ba a bakin biron yake ba, ya ja baya kusan faɗin yatsa biyu, don yatsun Baba sun daina kaiwa ƙasa. Tsohon ya sa nasa yatsun a cikin kwarurrukan ya ce, "Ga hannun babanka nan ka zo da shi, kana neman zubarwa."

Sauran yinin a rumfar muka yi shi. Ya ce ba zai yi mini ba, ni zan yi, don gobe ba ya Suleja. Ƙa'idarsa ta farko ita ce a huda rami kafin a murza. Ni a zatona sai an gyara jiki ya yi kyau sannan a huda, ashe in itace ya sirance dirili fasa shi yake yi. Guntun farko na huda shi a karkace, bakin dirilin ya ɓullo ta gefe. Na biyu ya hudu daidai, na zura shi a ƙarfe na ɗaure noti, amma ƙafata da hannuna suka ƙi jituwa: in na tuna takawa sai in manta cizal, in na tuna cizal sai injin ya tsaya. Da na danna da ƙarfi itacen ya tsage biyu, rabi ya tashi ya faɗa cikin kwanon furar ɗan kawuna. Ya tsamo shi ya ce wannan furar ta fi ƙarfinsa, ta masu digiri ce.

A na uku tsohon ya ce ɗan kawuna ya taka, tunda ƙafar tela ta san aikinta, ni in ji da hannu. Ya dafa wuyan hannuna ya ce kada in tura, in bari itacen ya zo ya sami cizal. Sai ga shi ɓawon yana fita siriri yana nannaɗewa, ƙamshin maɗobiya ya cika rumfar. Duk bayan ɗan lokaci mu tsaya, ya ɗora zare a kan tsumman Baba ya auna, ya ɗora a kan itacen. Da kaurin ya yi daidai aka sauke shi. Inji zagaye kawai ya iya, don haka kwarin yatsun da wuƙa aka fere su, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa da tsumman. Aka bi da samfefa, aka mayar kan inji aka goga kakin zuma yana juyawa har ya yi ɗumi ya ɗauki sheƙi, jaja-jaja da jijiyoyi baƙaƙe. A ƙarshe ya huda wata 'yar ƙofa kamar ta allura a gefe. Ya ce ta iska ce, in babu ita tawada sai ta ƙi sauka. Na zura hanjin biro sabo, ya zauna daram.

Na tambayi abin da zan ba shi. Ya ce in sayo masa goro, in kuma rubuto in gaya masa ko ya yi.

Mun sauka gidan gwaggonmu a Tudun Wada, ta cika mu da tuwon shinkafa da tambayoyin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da safe muka koma kasuwa. Mai walda ya haɗa kan injin kafin azahar, maƙeri ya fere magagarin, muka tsinci guntayen maɗobiya da na maɗaci rabin buhu a lungun masu gado, ba wanda ya ce mana ƙala. Duk kayan bakwai ɗin, in ka cire ƙafar keken da ke jiranmu a gida, sun shige jakata tare da littafin. Ɗan kawuna ne ya yi cinikin, ni aikina in tsaya a gefe in yi fuskar wanda ba ya so.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi. Na sami kujerar taga, kuma wannan karon mun sayi doyar. Ruwa ya tare mu bayan Jere, ya wanke hanya ya wuce. Hannuna yana cikin aljihu a kan biron har muka sauka.

La'asar ta yi sanyi muka iso, Baba bai tashi daga gindin dalbejiya ba tukuna. Babu kowa a bencin gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya da gwaggo, ya tambaya ko na samu littattafan. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ajiye biron a kan tebur, na koma gefe. Ya dube shi, ya dube ni. Ya ɗauka. Na ga yatsunsa suna lalube, sai kowanne ya faɗa wurinsa. Ya jujjuya shi a hannu. Can ya ce, "Wa ya ba ka ma'aunin hannuna?" Ɗan kawuna ya ce, "Kai ka ba shi, Baba, ba ka sani ba ne." Na ciro tsohon biron mai tsumma na ajiye kusa da sabon. Baba ya kalle su tare, ya ce, "Ashe kai ka ɗauke. Na sa an share ɗaki sau biyu."

Ya jawo takarda ya ce wa ya koya mini. Na gaya masa. Ya ce to shi za a fara rubuta wa. Na tsaya ina kallo ya yi bisimilla, ya jera gaisuwa, layi yana bin layi a miƙe har ƙasan shafi bai ajiye ya murza yatsu ba ko sau ɗaya. Ba zan ce hannun ya warke ba, har yanzu da safe sai ya jiƙa shi a ruwan ɗumi, kuma bayan wasiƙa uku yana hutawa. Amma da can rabin ɗaya ce ke gagararsa. Wata ya mutu ranar Talatar da ta wuce, teburin yana nan inda yake. Maginin nan ma ya dawo, Baba bai tuna masa komai ba, ya ce dai ya zauna.

Injin yanzu yana bayan shagon ɗan kawuna, kaji sun koma wani wuri. Na fasa itace biyar na samu biyu masu kyau, ɗaya na wani tsohon malamin makaranta ne da ya ga na Baba. Kafin in taɓa itace sai da na ce ya riƙe dunƙulen danƙo a hannunsa yadda yake riƙe biro, kuma na iya faɗin hakan ban sunkuyar da kai ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Mai son fara wannan aiki kaya bakwai sun ishe shi, rabinsu ma suna cikin abin da mutane suka zubar. Amma kafin bakwai ɗin sai ya je ya dubi hannun da zai riƙe biron. Takardar kaya ashirin da shida tana nan na adana ta, don bayanta ne ke da amfani. Tsumman kuwa Baba ya hana a jefar. Yana cikin aljihun tebur, tare da ambulan da kan sarki.